Ɗinkin da Na Yi wa Ummi

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Ummi ta sauka, namiji, ƙarfe biyu saura na rana. Alhamdu lillahi. Ni na karɓi haihuwar, kuma ba haka aka shirya ba.

Tun da mijinta Bilyaminu ya kawo ta goyon ciki daga cikin gari na ce wa Martha, ranar da abin ya zo ke za ki shiga, ni ina waje ina hura wuta kamar kowace uwa. Shekara goma sha tara muna aiki tare a ɗan asibitin ƙauyen nan, ta san halina, ta yi dariya ta ce ta ji. To ranar Juma'a ta shiga Birnin Gwari karɓo allurar rigakafi, Asabar aka ji harbi ta wajen dajin Kamuku, motoci suka daina fitowa. Yau da hantsi naƙuda ta tashi. Babu Martha, babu hanya, sai ni.

Haihuwar da na karɓa a ƙauyukan nan ba ta ƙirguwa, amma 'yar fari daban ce. Tun ranar yaye Iya, mahaifiyar maigidana Malam, ta ɗauke ta. Sunan Iyar ma ta ci, shi ya sa ake ce mata Ummi. Ban ƙara ganin jikinta ba sai yau. Yaya take ce mini, ni kuma "ke" nake ce mata. Shekara ashirin da ɗaya haka muke, kowa kuma yana yaba mini kawaici.

Yaron ƙato ne, kilo huɗu ba kaɗan, kai ya faso kafin in tare shi. Ta ƙaru. Na ɗinke. Hannuna yana aiki, idona rabi yana bango. A rajista na rubuta: ƙaruwa, mataki na biyu.

Talata, 6 ga Agusta

Iya ta kafa tukunyar wanka a bayan rumbu, ta sa an saro mata ganyen darbejiya. Tsohuwar nan gwiwa ta hana ta zuwa ko'ina, amma yau har da waƙa. Ta ce jikarta ba wanda zai taɓa mata ruwa, mu 'yan asibiti ruwan shayi muke yi wa masu jego.

Alhamis, 8 ga Agusta

Martha ta dawo a bayan motar masara. Ko jaka ba ta ajiye ba ta buɗe rajista. Ta ga nauyin yaron, ta ɗago ta dube ni.

"Kin sa yatsa ta baya?"

Na ce na sa.

Ƙa'idarmu ce, ni da bakina nake koya wa ɗalibai in an turo su: duk wadda ta ƙaru, kafin a ɗauki allura sai an haska wurin sosai, an sa safar hannu, an zura yatsa ɗaya a dubura an taɓa naman da ke riƙe ta. Minti ɗaya ne. Ranar Litinin na sa safar, na miƙa hannu, sai Ummi ta ja zane ta rufe fuskarta, ni kuma na ji kamar Iya ce kwance a gadon. Na ce a raina ai daga gani na biyu ne. Na ɗauki zare.

Ban taɓa yi wa Martha ƙarya a kan aiki ba. Ta fita kuwa sumul, ko inda-inda ban yi ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Suna. Habibullahi. An ci an sha, dangin Bilyaminu sun zo mota biyu duk da halin hanya. Mai jego ta yi kyau cikin leshi, amma ba ta zauna cikin mata ba. Da ta zauna sai ta miƙe, wai za ta duba yaro, alhali yaron yana hannun mutane.

Asabar, 17 ga Agusta

Mai jego ba ta wanki, kowa ya sani. Yau na tarar da ita a bayan rumbu tana cuɗa zannuwa uku. Na ce ke, bar shi mana. Ta ce ai ta kusa gamawa. Can ƙasan igiya ta shanya su, inda ba a gani daga tsakar gida.

Talata, 20 ga Agusta

Maƙwabta sun shigo barka. Ummi ta sunkuya ɗaukar yaro, iska ta kufce mata, kowa ya ji. Nan take ta ɗan buga bayan jaririn ta ce, kai Habibu, a gaban baƙi? Aka fashe da dariya. Wata ta ce wannan da ganinsa zai yi ci.

Ni ban yi dariya ba. Na san bambancin na jariri da na babba.

Alhamis, 22 ga Agusta

Wataƙila gajiyar nama ce. Yana faruwa. Yakan koma da kansa.

Lahadi, 25 ga Agusta

Martha tana coci, asibiti ba kowa. Na sauko da ƙugun roba da ke saman kabad, wanda muke nuna wa mata ranar awo, na kakkaɓe shi, na ɗauko tsohon littafina na makaranta. Kamar ban sani ba. Na sani sarai, so nake littafin ya ce mini wani abu daban.

Ƙugu kamar akushi ne da aka fasa gindinsa. Ƙashi ta gefe da gefe, ƙashi ta baya, gaba kuma biyu sun haɗu. Ƙasan ba ƙashi ba ne, nama ne shimfiɗe, shi ke ɗauke da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, mace tana tafe tana daka tana surfe bai taɓa sauke kayan ba. Tsakanin gaba da dubura kuwa ɗan wuri ne da bai fi faɗin yatsa uku ba, amma duk jijiyoyin naman nan a can suke ƙullewa. Bayansa kaɗan akwai zoben nama da ya kewaye dubura, shi ke buɗewa da izini, ya rufe da izini.

Ƙaruwa hawa huɗu ce. Fata. Fata da nama. Na uku ya taɓa zoben. Na huɗu ya ratsa har cikin hanji. Na ɗaya da na biyu aikinmu ne. Na uku da na huɗu ba a ɗinke su a ɗakinmu, bandeji ake dannawa a nemi likitan tiyata ko da a kan babur ne. Abin da ya sa ake zura yatsa: zoben in ya tsinke, bakinsa biyu sukan ja baya su ɓuya cikin nama kamar robar wando, ido ba ya ganinsu. Sai ka rufe fata ta yi kyau a sama, ƙasa kuma a buɗe.

Littafin bai ce komai daban ba. Na mayar da ƙugun saman kabad na juya shi ya dubi bango. Sakarci.

Laraba, 28 ga Agusta

Iya ta gane. Ita ke mata wanka, ba yadda za a ɓoye. Ta ja ni gefe tana raɗa, wai yarinyar ba ta riƙe bayan gida in ya yi ruwa, kuma ita ta san dalili: sanyi ne ya shige ta. Ta ce laifinta ne, tsufa ya sa hannunta ya daina jin zafi, tana ganin ruwa ya yi ashe bai yi ba. Har da hawaye.

Na tsaya ina kallon tsohuwa tana ɗaukar kayana tana ɗora wa kanta. Abin da na ce kawai, Allah ya sawwaƙe.

Juma'a, 30 ga Agusta

An ƙara itace. An ƙara kanwa a kunu. An kawo sassaƙen maganin basir daga wajen wata Bafulatana. Ni ma'aikaciyar lafiya ina wucewa da farar riga ina yi musu sannu da aiki.

Talata, 3 ga Satumba

Bilyaminu ya zo da kaji biyu da atamfa. Yaron kirki ne, malamin firamare a unguwar Magajin Gari, in ya gaishe ni har ƙasa yake kaiwa, ni kuma ina amsawa daga bayan labule. Na ji yana gaya mata ya yi wa ɗaki fenti, ya sa sabon labule, saura kwana goma sha ɗaya arba'in. Lissafi yake da yatsu kamar mai jiran Sallah.

Ita ta zauna can bakin ƙofa, nesa da shi, ta ƙona turare har ɗakin ya yi hayaƙi. Bayan ya tafi ta ce wa Iya ko za a roƙa mata ƙarin wata guda.

Asabar, 7 ga Satumba

Jini ya ɗauke mata, ta fara salla. La'asar ɗin yau sau huɗu ta ɗauki buta. Ina ɗaki ina ƙirgawa.

Da yamma ta tsuguna gefen tabarmar babanta ta ce wata ƙawarta ce ta aiko ta da tambaya, wai mutumin da alwala ba ta zama masa, ya zai yi? Malam ya ba ta amsa tsaf, ya ce addini ya yi wa mai lalura sauƙi, ta yi alwalarta ta yi sallarta. Sannan ya ƙara da cewa amma a gaya wa iyayen ƙawar su nema mata magani, kada a zauna. Ya juyo wajena ya ce ga ma gwana a gida, ta tambaye ni.

Na tashi na shiga madafa. Ba abin da na ɗora.

Litinin, 9 ga Satumba

Gobe zan faɗa.

Talata, 10 ga Satumba

Ban faɗa ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ruwan Iya ya ƙona Ummi. Tsohuwa ta hana a sirka, ta zaunar da ita a baho, cinyoyi duka biyu suka tashi. Yarinyar nan ko uhm ba ta ce ba, sai da ta kasa tafiya. Ba wajena ta zo ba. Ta lallaɓa ta bayan gari ta sami Martha ina can wajen rigakafi a makaranta.

Da na dawo Martha tana tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa, hannu a ƙugu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce ta wanke ƙunar, kuma tun da ta riga ta kwantar da ita ta duba sauran. Ta miƙo mini safar hannu da tocila.

"Shiga ki gani da idonki, Lailatu. Ba zan faɗa miki ba."

Na ce ai ta san tsakanina da yarinyar. Ta ce ta sani, shekara goma sha tara tana ganin wannan kunya tamu tana burge ta, amma yau ba ta burge ta ba. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, karin maganarku ce ba tamu ba.

Na shiga. Ummi ta rufe fuska da mayafi kamar wancan karon. Na haska. Ɗinkina ya warke lafiya lau, layi ɗaya tsaf, abin a yaba. Amma fatar da ke kewaye da dubura, wadda ya kamata ta tattare ta ko'ina kamar bakin jakar zuge, ta baya kawai ta tattare. Ta gaba sumul. Na sa yatsa na ce, ke, matse. Ta ce ta matse. Ban ji komai ba ta gaba.

Minti ɗaya. Na duba agogon bango, ko minti ɗayan bai cika ba.

Martha ta kawo rajista ta buɗe shafin 5 ga Agusta ta ajiye biro a kai. Na soke "na biyu", na rubuta "na uku, ba a gano ba", na sa hannu. Ta ce ƙaryar da na yi mata ta fi yi mata ciwo, domin da na faɗa ranar da ta dawo, kwana uku kacal, da an kai ta an gyara tun wurin yana ɗanye.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na sa an kashe wutar tukunya. Na sami Iya a ɗakinta na durƙusa na gaya mata ba sanyi ba ne, ba ruwanta ba ne, ni ce ban duba inda ya kamata in duba ba.

Ta daɗe tana jan carbi. Na zaci za ta zage ni, na ma shirya. Sai ta ce, "Da kin duba, da ni ce ta farko da zan ce ba ki da ta ido." Ta goge fuska da gefen zane ta ce, to yanzu kunyar ta rufa wa wa asiri?

Malam kuwa ya ce innalillahi. Ya tambayi yaushe sojoji ke rakiyar motoci zuwa Kaduna.

Asabar, 14 ga Satumba

Arba'in. Bilyaminu ya zo da motar haya da gwaggonsa. Malam ya so ya yi masa bayani a zaure, na ce a'a, wanda ya ɓata shi zai faɗa. Ban taɓa zama da surukina fuska da fuska ba. Yau na ɗage labule na zauna, na ɗauko ƙugun roba da na zo da shi cikin leda na ajiye tsakaninmu. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Na nuna masa wurin da yatsa, na kira kowane abu da sunansa. Na ce ba cuta ba ce da ake ɗauka, ba daga gidanku ba ne, ba daga ita ba ne. Daga hannuna ne.

Ya tambaya ko tana warkewa. Na ce ana ɗinkewa, da yawa suna samun sauƙi, wasu ba duka ba. Ba zan ƙara ƙawata magana ba.

Gwaggon ta taɓe baki ta ce su dai ba a taɓa irin wannan a danginsu ba. Motar ta koma ba amarya. Shi ko yaron bai ɗauka ba da zai fita, ina jin mantawa ya yi. Ina fata mantawa ya yi.

Laraba, 25 ga Satumba

Kaduna, cikin ayari, awa shida. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta duba, ta tambayi a ina aka haihu, wa ya yi ɗinkin. Ummi ta yi saurin cewa a ƙauye ne, wata ce. Na ce ni ce, kuma ni ce uwarta. Likitar ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da rubutu. Ta ce sai wurin ya huce, ƙunar ma ta warke, a dawo watan Nuwamba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wata guda ke nan Bilyaminu bai zo ba. Yana kira dai, yana tambayar yaro. Ummi ta rage cin abinci don kada ta buƙaci fita, nono ya fara ja baya. Na dafa mata tuwon dawa na zauna a gabanta sai da ta cinye. Ba mu saba zama haka ba, duk mun rasa inda za mu sa ido.

In auren nan ya mutu, ni na kashe shi da zare da allura.

Talata, 12 ga Nuwamba

An yi aikin. Awa ɗaya da rabi. Likita ta ce ta samo bakin zoben duka biyu ta haɗa, sauran sai abin da Allah ya yi. Bilyaminu ya iso ana fito da ita, da ƙurar hanya a gira. Ashe tun jiya ya taso, ayari ya tsaya a hanya. Ya karɓi Habibu daga bayana, ya yi ta zagaye baranda da shi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ina goge mata jiki da tsumma bayan azahar, sauran marasa lafiya suna barci. Na ce mata ta yafe mini. Ban taɓa haɗa kalma goma a jere da yarinyar nan ba, yau na haɗa.

Ta ce, "Yaya, ai na ga lokacin da kika miƙo hannu kika fasa. Ta cikin zanen nake kallonki. Addu'a nake kada ki duba. Da kika fasa, wallahi daɗi na ji."

Ta faɗa ne don ta rage mini. Bai ragu ba. Ita mai naƙuda ce, tana da ikon yin kowace addu'a. Ni aka ba safar hannu. Na fita wajen famfo na yi kukan da ban yi ba tun Agusta.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Muna gida. Martha ta ce za ta riƙa zuwa wankin ɗinkin safe da yamma, Ummi ta ce ta huta, Yaya za ta yi. Ni nake yi. Ina haskawa, ina dubawa, ina ce mata matse, saki, matse, sau goma. Jiya na ji shi a yatsana, kaɗan, kamar jariri ya kama. Zubar bayan gida ta tsaya. Iska takan kufce wani lokaci in ta yi tari.

Kullum da safe nakan tambaye ta a kan tabarmar karin kumallo, yau da saninki ya fita ko ba da saninki ba? Iya takan ɗauki kofin kununta ta bar mana wurin tana salati, wai duniya ta zo ƙarshe.

Juma'a, 13 ga Disamba

Bilyaminu ya zo bayan masallaci, shi kaɗai, ba gwaggo. Ya ce ya zo tafiya da iyalinsa, in ma da sauran lalura za su ƙarasa jinya a ɗakinsu. Malam ya yi murna, Iya ta fara ɗaure kaya.

Na ce masa ɗinkin yana son ƙarin mako biyu a ƙarƙashin idona. Ya ce to, abin da na gani shi ne daidai.

Ummi tana gefena muna ɓarar gyaɗa. Ta ɗago ta dube ni, domin ta ji da kunnenta ranar Talata na ce wa Martha wuri ya kame sarai. Ba ta tona ni ba. Ta matso da faifan kusa da ni, muka ci gaba.

Mako biyu ne kawai. Allah ya yafe mini wannan ma.